Massey 165 ɗina tana sauke garma da kanta, famfo ne ko wani abu daban?

Manomin Gadarif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tarakta Massey Ferguson 165 ce da ni, wadda na gada wajen mahaifinmu, da ita nake noman dawa da riɗi. Da sassafe tana ɗaga garma lafiya lau. Amma da rana ta take, mai ya yi zafi, sai hannayen baya su riƙa ɗagawa a hankali suna karkarwa, su ɗan sauka su sake zabura. In na kashe inji kuwa, kafin in gama alwala garmar ta taɓa ƙasa. Makanikin da na kai wa bai ko kwance ƙusa ɗaya ba, ya ce a sayi sabon famfon haidurolik, wato wanda ke tura man da ke ɗaga garma. Kun san tsadar kayan gyara a halin da ƙasar nan tamu ta Sudan take ciki, ga damina ta ƙarato, kuma laka irin tamu in ta sha ruwa ba ta jiran kowa. Ba na son zubar da kuɗin iri a kan zato. Don Allah masu sani ku taimaka.

Tsohon makaniki, Mai Wurno: Wa alaikumus salam. Yarona, kada ka sayi komai tukuna. Saukar garma bayan an kashe inji yoyo ne, man da ke riƙe da nauyin yana samun hanyar gudu, kuma ba lallai a famfo ba ne.

Ita wannan tarakta famfonta a cikin gidan giya yake, nutse cikin mai, kuma mai ɗaya ne giya da haidurolik suke sha. Daga famfon akwai wani siririn bututu a tsaye mai kai mai sama zuwa silindar da ke ƙarƙashin kujerarka. Rage man kaɗan, ka cire zagayayyen murfin nan na gefe, ka ɗaga garmar, ka haska da tocila. In mai yana zubowa daga bakin silinda, ringin fistin ne ya cinye. In ta wajen bututun yake tsiyaya, 'yan robobinsa ne suka bushe, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. In sama a bushe take amma man ƙasa yana motsi kamar tukunya ta fara tafasa, to ka nemi bawul ɗin da ke sakin mai in nauyi ya yi yawa, ko bawul ɗin sarrafawa da ke jikin famfon. Sai duk waɗannan sun fita lafiya sannan a yi maganar famfo.

Ina roƙonka, kada ka sa hannu a ramin nan inji na aiki, kada kuma yaro ya tsaya kusa da garmar.

Direba daga Sinnar: Ƙari a kan maganar Baba, duba kalar man. In ya yi fari-fari ruwa ya shiga, a zubar, a wanke rariyar famfon. Sannan libobi biyun nan da ake sarrafa garma da su: in kana aiki da na tsayi, wancan na zurfin huɗa ya zauna can sama. Wasu direbobi kan bar liba a inda famfo ke turawa ba tsayawa, man ya yi ta zafi a banza.

Manomin Gadarif: Allah Ya saka da alheri. Baba, yau bayan Asuba na buɗe murfin. Man ya yi fari kam, kuma da idona na ga yana ɗigowa daga bakin silinda, ɗis-ɗis ba yankewa. Bututun a bushe yake. Yanzu dole sai an ɗaga babban murfin sama da silindar ke jikinsa ke nan? In haka ne, robobin bututun ma in canza su gaba ɗaya?

Tsohon makaniki, Mai Wurno: Dole ne, kuma canza su tunda an buɗe. Murfin na da nauyi, ku zama mutum biyu. Ka shafa cikin silindar da yatsa, in ka ji zane mai zurfi sabon ringi ba zai riƙe ba. Ɗauko hotonta ka turo mini kafin ka tafi kasuwa.