Kokawar WWE a Saudiyya: shawarwarin da suka fito daga muhawara

Tun da WWE, kamfanin kokawa na Amurka, ta ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da Saudiyya a 2018, masoya kokawa ke jayayya kan ko a kalli wasannin da take yi a can ko a ƙaurace musu. Ga abin da aka tsayar a wata tattaunawa kan batun.

Yawancin masu magana sun ce kafin mutum ya ɗauki matsayi, ya fara sanin tarihin. An kashe ɗan jarida Jamal Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul ranar 2 ga Oktoba 2018, wata ɗaya bayan haka WWE ta yi wasanta mai suna Crown Jewel a Riyad. 'Yan kokawa John Cena da Daniel Bryan suka ƙi zuwa. Shawarar a nan ita ce kada a zagi 'yan kokawar da suka je, tunda kwantiragi ya ɗaure su, kamfanin ne ya karɓi kuɗin.

An fi daɗewa kan batun mata. A Jidda, Afrilun 2018, ba a bar mace ta yi kokawa ba. A 2019 Natalya da Lacey Evans suka kara, jikinsu a rufe ruf har wuyan hannu. Wasu suka ce ci gaba ne. Ni dai na fi yarda da masu cewa a duba halin matan da ke tsare saboda neman 'yanci, kar wasan ya rufe mana ido.

Wanda ya zaɓi ƙauracewa, aka ce ya daina biyan kuɗin kallo, kuma kada ya riƙa yaɗa bidiyon a shafukan sada zumunta.