Saura Ranakun Aiki Nawa a Wata?

Ɗalibar Samaru:

Salamu alaikum, 'yan uwa, na zo da tambaya,
Python nake koyo, harshen rubuta manhaja, yau ta ƙi mini a kwamfuta.
Muna 20 ga Fabrairu, 2024,
Ranar kuwa, kun sani, Talata.
Litinin zuwa Juma'a nake ƙirgawa,
Har da yau, saura nawa a wata?
Lissafina 7 ya ba ni,
Kalandar bango kuwa 8 na karanta.
Da hannuna na sa 28 ƙarshen wata,
Ku nuna mini kuskuren in gyarta.

Malam Na Ƙofar Mata:

Wa alaikumus salam, sannu da himma,
Kuskuren ba babba ba ne, ƙanwata.
Fabrairun bana kwana 29 gare shi,
Alhamis ɗin ƙarshe ce kika manta.
Duk shekarar da 4 ta raba ba saura,
Kwana guda ake ƙara mata.
Amma 1900 ba ta sami ƙarin ba,
2100 ma haka za a rubuta.
Cikon ƙarni sai 400 ta raba shi,
Nan ne 2000 ta bambanta.
Kada ki ɗora wa kanki wannan kaya,
Umarnin Python calendar.monthrange zai biya buƙata.
Lambobi biyu zai miƙo miki,
Ta biyun ce tsawon watan, riƙe ta.
Sai ki taka daga yau har ƙarshe,
Kowace rana da umarnin weekday() ki tambayi lambarta.
Litinin 0 ce, Juma'a 4,
5 da 6 ki bar su, ma'aikaci ya huta.

Ɗan Tudun Wada:

Allah ya ƙara sani, Malam,
Ni a wani harshen, JavaScript, na taɓa ɓata.
Na ce duk ƙasa da 5 ranar aiki ce,
Sai Lahadi ta shigo, Juma'a ta fita.
Ashe umarninsa getDay() da Lahadi yake farawa,
Ita ce 0, Asabar 6, ku kwatanta.
Can 1 zuwa 5 za ki ɗauka,
Watanni ma daga 0, Janairu ce farkonta.

Maman Ikilima:

Malam, ni ramuwar azumi ke kaina,
Ga Sha'aban, Ramadan ya kusanta.
Litinin da Alhamis nake ramawa,
Lissafin nan zai ƙirga mini nawa suka rage in daidaita?

Malam Na Ƙofar Mata:

Hajiya, zai ƙirga miki har zuwa 29,
Daga nan ba abin da zai iya furta.
Ko Sha'aban ya tsaya nan ko ya cika 30,
Sai an duba sama an ga jinjirin wata.
Daga Sakkwato Sarkin Musulmi zai sanar,
Sannan ƙarshen Sha'aban ya tabbata.
Ki yi lissafinki a kan 29,
Kada ramuwarki ta jinkirta.

Ɗalibar Samaru:

Na gode, Malam, na goge 28 ɗin,
Na sa monthrange, na maimaita.
20 zuwa 23, sai 26 zuwa 29,
8 cif ta fito, yadda kalanda ta ambata.