Ƙarfi, kuzari ko makamashi: me za mu kira abin da ke cikin ƙwayar gyada?

1/ Malamai 'yan'uwa masu koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, shawararku nake nema. Abin nan da Bature ke kira energy a cikin abinci, wanda ake aunawa da kalori, wace kalma za mu tsayar masa da Hausa idan mun juya muna yi wa yara bayani?

2/ Makon jiya na yi wa 'yan aji biyu gwajin ƙona gyada. Na soke busasshiyar ƙwaya ɗaya da allura, na kunna mata ashana, na riƙe ta a ƙarƙashin gwangwanin madara mai ruwa mililita 100, da ma'aunin zafi a ciki. Gyadar ta yi ta ci kamar aci-balbal har mai na ɗiga, zafin ruwan ya ƙaru da digiri wajen 10. Na tambaya daga ina zafin ya fito. Wata yarinya ta ce, "Malam, daga ashana." Wani yaro ya ce ai ashana tuni ta mutu, daga gyadar ne. Na ce madalla. Sai ya ce, "To Malam, mene ne sunan abin da ke cikinta?" Kalmomi uku suka zo mini baki, ban yarda da ko ɗaya ba a lokacin.

3/ Ƙarfi dai na ajiye ta da wuri. Muna buƙatarta a darasin turi da ja. Kuma da ka ce abinci mai ƙarfi, yaro nama da ƙwai zai kawo maka. Alhali giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na sitaci ko sukari 4, na furotin, sinadarin gina jiki da ke cikin nama da ƙwai, shi ma 4. Kalmar tana karkatar da yaro tun kafin a fara lissafi.

4/ Kuzari ita ce ta fi ba ni wahala, domin kunne ya saba da ita. A rediyo da asibiti kullum ana cewa abinci mai ba da kuzari, abinci mai gina jiki. Ba na ja da wannan a wajen rarraba abinci. Amma kuzari a jikin mutum yake, abu ne da kake ji. Gyadar da ke cikin buhu ba ta da kuzari, ga shi kuwa ta dumama ruwa a gaban yara. Ƙari a kan haka, baƙin shayi ba sukari yana wartsake mutum ya sa masa kuzari, kalorinsa kuwa kusan babu. Malmalar tuwo biyu da miya mai maiƙo cike take da kalori, amma ka ci da rana ka ga kasalar da za ta biyo baya. Yaron da ya lura da wannan, in an ce masa kalori ma'aunin kuzari ce, zai ga malam da cikinsa ba su faɗi abu ɗaya ba.

5/ Ni a kan makamashi na tsaya. Asalinta abin da wuta ke ci ne: itace, kara, gawayi. 'Yan jarida sun riga sun faɗaɗa ta zuwa fetur da gas da lantarki, har muna cewa makamashin nukiliya. To me zai hana makamashin abinci?

Wata babbar malama da ke koyar da tattalin gida a makarantarmu ta ce mini, "Malam, kar ka sa yara su ɗauka murhu ne a cikinsu." Na ce, "Hajiya, gaskiyarki, harshen wuta kam babu, sai an yi musu bayani." Amma kamannin jiki da murhu suna da yawa. Jiki yana haɗa abincin da iskar da muke shaƙa, ya fitar da iskar da muke fesarwa da ruwa da zafi, sannu a hankali maimakon lokaci guda. Shi ya sa jikin mai lafiya ke zama a wajen digiri 37 ko da hunturu. Tun shekarun 1780 masanin kimiyya Lavoisier ya nuna haka a Faransa, inda ya auna yawan ƙanƙarar da ɗumin wata 'yar dabba ya narkar. Na yarda makamashi ta fi nuna abin da ake ƙonawa fiye da abin da ke fitowa daga ƙunar, sai dai a darasin abinci abin da aka adana a cikin ƙwayar muke nufi.

6/ Kalori kuwa, a bar ta kalori. Mun karɓi lita da mita da kilo, ba wanda ya ruɗe a kasuwa. Tushenta kalmar Latin ce mai nufin zafi. Ba ta buƙatar jam'i: lita goma, kalori goma.

Inda tarko yake shi ne kalori iri biyu ce. Ɗaya ita ce zafin da zai ɗaga giram 1 na ruwa da digiri 1. Wadda ake rubutawa kcal a bayan ledar biskit ta ninka ta sau 1,000, kuma ita ake nufi a maganar abinci, har alƙaluman 9 da 4 da na kawo a sama. Daidai take da kilojul 4.184, wanda shi ma wani ma'aunin makamashi ne. Ina ba da shawarar ƙaramar kalori da babbar kalori. A gwajinmu, ruwa mililita 100, wato giram 100, sau digiri 10 ya ba mu ƙaramar kalori 1,000, wato babba 1. Ƙwaya mai rabin giram kuwa tana da kusan babba 3, saura ya bi iska.

7/ Gobe ga abin da zan rubuta a allo: "Makamashin abinci ana auna shi da babbar kalori." Malaman Maraɗi da Damagaram, ku da kuke juyowa daga Faransanci, me kuke ce wa yaranku? In akwai wadda ta fi makamashi zama, ku kawo ta kafin yara su kwafa a littafi.