Baƙon mai a tankin kulant: yaushe sikima ke aiki, yaushe take ɓarnar wuta

Ɗan Bompai:
Salamu alaikum, masu sana'a. Injin CNC ne, mai aiki da kwamfuta, na fiƙe ƙarfe, tankinsa lita 200, kulant ɗinsa, wato ruwan sanyaya aiki, irin mai kamar madara ne. Duk safiyar Litinin wari ne kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ga baƙon mai, wato man injin da ya zubo cikin kulant, kwance a sama. Sikima mai faifai, na'urar yaɗe man da ke sama, tana wuni tana juyi, amma rabin abin da take fitarwa kulant ne. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani ya yi aiki, tare da adadi.

Injiniyan Kakuri:
Wa alaikumus salam. Malam, lokacin kunna sikimar ne ba daidai ba. Man da ya taso ya kwanta kawai take iya yaɗewa. Muddin famfo na aiki, man a kaɗe yake cikin ruwan kamar an burga nono, sai faifan ya riƙa kwaso kulant. Kashe famfo, a bar tankin ya natsu awa ɗaya zuwa biyu, sannan sikima ta yi awa biyu ko uku. Ƙaramar taima, agogon kunnawa da kashewa, ta isa, a saita ta da dare. In da dare ba wuta, a kunna ta da sassafe kafin a tayar da famfo.

Warin kuwa ga asalinsa. Shimfiɗar man nan tana toshe iska, ƙwayoyin cutar da ba sa buƙatar iska su samu wuri, su ci sinadarin sulfa da ke cikin mai da ruwa, su fitar da iskar haidrojin salfaid. Shi ya sa sai bayan hutun kwana ɗaya ko biyu ake jin sa. Da zafin Maris da Afrilu abin ya fi sauri.

Mai Garejin Panteka:
Injiniya ya yi gaskiya, amma kafin a zargi sikima a tambayi wane mai ake zubawa a tulun da ke shafa wa gadon injin, wato layin da sassansa ke zamewa a kai. Shaguna da yawa man mota suke durawa saboda sauƙin kuɗi. Man mota yana ɗauke da sinadaran wanki da aka sa don su riƙe datti, su ne ke sa ya gauraya da kulant ya ƙi tasowa. Wannan ko sikima goma ka sa ba za ta cire shi ba. Man gado na gaskiya, mai lambar kauri 68 a yawancin injuna, 220 a wasu manya, an yi shi ne ya rabu da ruwa. Kuma duk man da ya shiga tulun nan, ƙarshensa tanki ne, domin ba ya komawa. In tulu yana ƙarewa da wuri fiye da da, a duba fashewar siririn bututu ko bawul ɗin rabon mai. A duba kuma yoyon man haidrolik a bayan cak, wato mariƙin ƙarfen da ake fiƙewa, da man hana tsatsa da ke jikin sandunan ƙarfe. Goge sanda da tsumma kafin a ɗaura ta yana rage abu mai yawa.

Gwaji mai sauƙi: kwalba mai tsabta, kulant sabon haɗi kashi tara, man gado kashi ɗaya, a girgiza sosai a ajiye. In da safe ya rabu da layi tsaf, man ya dace. In tsakiya ta yi kauri kamar kindirmo, wannan mai da wannan kulant ba sa jituwa.

Ɗan Bompai:
Oga, man haidrolik 46 ake sawa a gadon. Faifan ma wani lokaci da ƙyar yake taɓa ruwan.

Hajiya Injiniya:
To ga matsala ta biyu. Faifai yana son ruwa ya tsaya wuri guda. Da ruwa ya ja baya, juyin banza yake. Mai bel ta fi kaiwa ƙasa, ta fi dacewa da tanki mai zurfi da ƙaramar kafa. Mai tiyo kuwa tiyon yana yawo a saman ruwa, yana binsa sama da ƙasa, ba ta damu da ɓarɓashin da ke iyo ba. Kowacce ce, a sa ta a lungun da ruwa ya fi natsuwa, nesa da inda kulant ke dawowa. Idan tanki yana da shamaki a ciki, man ɗakin da babu sikima ba zai taɓa zuwa ba, sai an kwashe shi da ƙyallen tsotsar mai. Robar da ke kankare faifan ita ce ke fara lalacewa, dusar ƙarfe ke cinye ta. In ka ga mai yana zagayowa yana komawa tanki, ita ce.

Abin da sikima ta fitar kada a zubar kai tsaye. A tara a jarka mai famfo a gindi, bayan kwana ɗaya a buɗe, kulant ya fita ta ƙasa, a rufe da mai ya iso. In yana wari, kada a mayar da shi tanki.

Injiniyan Kakuri:
Sai awo, wanda a ganina ya fi sikimar kanta muhimmanci. Duban launi da ido yaudara ce, domin baƙon mai yana ƙara wa kulant fari da kauri alhali ya tsinke. Rifraktomita ta hannu, na'urar auna ƙarfin haɗin kulant, ake so. A gyara ta kan sifili da ruwan da ake haɗi da shi, a ɗebi samfur daga bakin tiyon da ke fesa wa aiki, ba daga saman tanki ba, sannan a ninka lambar da ma'aunin da ke takardar kulant ɗin. In ta nuna 4, ma'aunin 1.5 ne, ƙarfin kashi 6 cikin ɗari ke nan. Fiƙa da huda suna son 5 zuwa 10, wasa da dutse 3 zuwa 5. In layin cikin madubin ya yi dishi-dishi, mai ya riga ya narke a ciki. Takardar pH, mai auna tsamin ruwa, ta nuna tsakanin 8.5 da 9.5. Da ta gangaro kusa da 8, tsatsa da wari suna hanya.

Lita 200 a kashi 6: man kulant lita 12, ruwa lita 188. Man ake zubawa cikin ruwa ana juyawa, ba ruwa cikin mai ba, in ba haka ba haɗin ya tsinke. Ciko kuma da haɗi mai rauni, kashi 1 zuwa 3, domin ruwa ne ke tafiya da zafi, balle da hunturu. Ruwa zalla ba a zubawa.

Mai Garejin Panteka:
A ƙara da ruwan kansa. Ruwan burtsatse mai nauyi, wanda sabulu ba ya kumfa da shi, yana yin wani danƙo a sama da ake zaton baƙon mai ne, kuma kowane ciko yana ƙara tara gishirinsa a tanki. Ruwan sama da aka tace ya fi kyau wajen ciko, sai dai in da shi kaɗai aka cika tanki yana iya kumfa. Bilic da maganin wanke bayi kada su kusanci tanki: bilic tsatsa yake jawowa, hannun yara kuma ya yi ƙuraje.

Hajiya Injiniya:
Ɗan'uwa, tankinka da ya riga ya yi wari, sikima ba za ta dawo da shi ba. A zuba sinadarin wanke tanki gwargwadon takardarsa, famfo ya zagaya da shi wuni guda, a zuƙe, a jawo tankin waje a kwashe laka da shebur, musamman ƙarƙashin shamaki inda dusar ƙarfen zubi ke daskarewa. A ɗauraye da haɗi kashi 1, a zubar, sannan sabo. Tsohon kulant ba na kwata ba ne, a tara shi a duro. Ranar hutu a sa ɗan famfon iska na akwatin kifi da dutsensa a gindin tanki, amma a kashe shi awa biyu kafin a kunna sikima, don kumfarsa tana hana mai kwanciya.

Ɗan Bompai:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ta yaya za a gane yawan man ya sauka?

Injiniyan Kakuri:
Kwalbar awo mai mililita 100. A cika ta daga tiyo famfo yana aiki, a bar ta ta kwana. Kowace mililita ta mai a sama kashi ɗaya cikin ɗari ce. Ƙasa da 2 lafiya. A rubuta shi tare da ƙarfi da pH a kati a jikin injin, sau biyu a mako.