Sharhin waƙoƙi da shekarar ƙarshe a jami'a: in karɓi aikin kuɗi ko in dakata?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina aji huɗu a sashen Hausa, kuma tun lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya zaunar da mu a gida daga Fabrairu har Oktoba, nake rubuta sharhi a kan sababbin waƙoƙin Hausa duk ranar Juma'a. A wancan lokacin ba ni da wani uzuri, yanzu kuwa ga kundin kammala digiri, ga shagon yayana a kasuwar Farm Centre ta Kano da nake tsare masa Asabar da Lahadi. Ba na iya yin sharhi sai na rubuta baitocin waƙa da hannuna, na gano turkenta, wato babban saƙonta, na saurari kiɗan shi kaɗai, saboda haka kowace waƙa tana cinye mini dare. Makina yana kan 3.44, kuma sai na kai 3.50 zan fita da babbar daraja ta biyu. Ana cikin haka manajan wani mawaƙi ya yi mini tayin naira 15,000 a kan kowace waƙa, waƙoƙi 8, bisa sharaɗin zai ga rubutun kafin ya fita, kuma a gama kafin Sallah, wato daidai makon jarrabawarmu. Kuɗin zai biya mini buga kundi da data. In karɓa, ko in dakata da sharhin har bayan jarrabawa, ko in miƙa wa wani abokina ya riƙa rubutawa kafin in dawo?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni shawarata ita ce ka bar rubutu ka koma bidiyo, domin mutanenmu sun fi son gani da ji. YouTube suna fara biyan kuɗin talla idan ka tara mabiya 1,000 da awanni 4,000 na kallo a cikin shekara, kuma mai basira irinka ba zai daɗe bai kai ba.

Maman Ilham:
Ɗana, iyayenka karatu suka tura ka. Waƙa ba za ta ƙare ba, amma zangon nan idan ya wuce ya wuce ke nan. Allah ya ba ka sa'a.

Na-Tudun Wada:
Ƙanena, ka karanta wannan da kyau, domin abin da kake shirin shiga ni na riga na fito daga cikinsa. Ina aji uku aka kawo mini irin wannan tayin, aka ba ni rabin kuɗi a hannu, aka ce sauran sai an saki kundin waƙoƙin. Na rubuta gaskiyar abin da kunnena ya ji: muryar mawaƙin tana da daɗi, amma amshin waƙa ta uku ɗaukowa aka yi daga wata tsohuwar waƙarsa, kuma an cika gyaran murya da na'ura har kalmomin ba sa fita. Manajan ya kira ni da ƙarfe ɗaya na dare ya ce in cire wannan sakin layin. Na cire. Washegari ya ce in ƙara cewa ba a taɓa yin irin kundin ba a Arewa. Nan ma na ƙara, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin bai tsaya nan ba. Bayan wata biyu na soki waƙar wani mawaƙin daban, ba da kuɗin kowa ba, sai magoya bayansa suka fito da hoton shaidar tura mini kuɗin farko, wanda ban san yadda ya kai hannunsu ba, suka yi ta yaɗa cewa wancan ne ya saye ni in ɓata nasu. Har mahaifiyata sai da aka zaga. Duk wannan yana faruwa ne a makon jarrabawa. Na zauna a ɗakin jarrabawa takarda tana gabana, wayata a kashe cikin jaka a bakin ƙofa, amma hankalina yana kan abin da ake rubutawa a kaina. Kwasa-kwasai biyu na faɗi, ɗaya daga cikinsu na dole ne, abin da ya jawo mini ƙarin shekara ke nan. Abokan karatuna suka tafi bautar ƙasa ina nan ina rajistar kwas ɗaya. Ragowar rabin kuɗin kuwa har yau ban gan shi ba, kuma masu karatuna na gaskiya, waɗanda suke zuwa don su ji hukuncina, sun watse ba su dawo ba.

Ɗan Sabon Gari:
Allah ya mayar da alheri Yaya. Amma ni abin da na gani shi ne an raina wa yaron nan hankali a farashi. Wanda na sani ba ya taɓa alƙalami ƙasa da naira 50,000 a kan waƙa guda.

Abu Sumayya:
Malam, a wace kasuwar? Ni na yi shekaru ina zagaya situdiyoyin Zoo Road, kuma abin da na sani shi ne naira 5,000 da katin waya, wani lokacin ma godiya kawai. Naira 15,000 sau 8 ai 120,000 ke nan, ya fi alawus ɗin mai bautar ƙasa na wata guda, wanda yake 77,000. Ga tsadar data tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Ɗalibi ba zai ƙi wannan ba.

Na-Damagaram:
Mu a nan jika goma ta sefa ake bayarwa, kuma gidan rediyo ake kai wa, ba marubuci ba. Amma ina goyon bayan Na-Tudun Wada a kan sharaɗin ganin rubutu kafin ya fita. Da zarar an sa wannan sharaɗin, talla ake saye, kuma ya kamata a rubuta a samansa cewa talla ne.

Malam Mai Alli:
Na shafe shekaru ina koyar da adabi a kwalejin ilimi, kuma ina ganin kun bar hanya. Ɗalibin Hausa da yake rubuta baitoci da hannunsa ai rabin kundinsa yake yi bai sani ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka tun daga salsala (asalin waƙar) da turke da tubalansa (ƙananan saƙonnin da suka gina shi) har zuwa salo da rauji (karin muryar rerawa), kuma da ita aka yi nazarin su Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Babu abin da zai hana a ɗora ta a kan waƙoƙin situdiyo na yau. Ka mayar da sharhin ya zama kundin, ka huta da raba hankali biyu. Shawarar masu lissafin kati kuma ka ajiye ta gefe.

Abu Sumayya:
Ranka ya daɗe, da girmanka, amma kai albashi kake ɗauka. Wanda bai taɓa tsayawa a layin buga kundi aljihunsa babu ko sisi ba bai kamata ya kira maganarmu lissafin kati ba.

Na-Tudun Wada:
Kai ma Abu Sumayya ba ka taɓa rubuta sharhi an zagi mahaifiyarka ba. A cikinmu nan ni kaɗai ne na karɓi kuɗin na ga ƙarshensa.

Ɗan Sabon Gari:
To ga mafita: ka ce wa manajan ba ka son kuɗi, mawaƙin ya yi wa malamin da ke duba kundinka waƙa guda da kirari, a ambaci kakanninsa har bakwai. Wallahi ko babi na biyar ba zai karanta ba zai sa hannu.

Malam Mai Alli:
Wannan ba wurin wasa ba ne, makomar yaro ake magana.

Ɗan Gwammaja:
Na gode ƙwarai iyayena. Malam, an riga an amince da taken kundina tun zangon farko, a kan karin magana ne, kuma ba a sauyawa yanzu. Har yanzu dai babu wanda ya ce komai a kan miƙa wa abokina rubutun, kuma manajan yana jiran amsa ranar Alhamis.

'Yar Funtuwa:
Ƙanena, ni kam ban ba ka shawarar miƙa wa kowa ba, kuma dalilina ya wuce batun abokinka: rubutu idan ya bar hannunka, sunanka yana iya ɓacewa daga kansa. Na taɓa rubuta dogon bayani a kan Barmani Choge da kiɗan ƙwarya na amada, na je har wurin tsofaffin mata na tambayi yadda ake kifa ƙwarya a cikin ruwa a buga ta, da yadda 'yan amshi suke karɓa. Ba a yi kwana biyu ba na gan shi a Facebook ƙarƙashin sunayen mutane daban-daban, an cire sunana, wani har ya sa hotonsa a sama. Daga baya na ji an karanta shi a wani gidan rediyo kalma da kalma, mai gabatarwar yana cewa bincikensa ne.

Baban Khalifa:
Hajiya, ai wannan ya zama ruwan dare. Ni ma an kwashe mini abin da na rubuta lokacin rasuwar Ɗan Maraya Jos a 2015, har da kuskuren rubutu guda da ke ciki suka kwafa.

Malam Mai Alli:
Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a 2023, kuma rubutun intanet yana cikin abin da take karewa. Matsalar ita ce babu ɗalibin da zai iya ɗaukar lauya a kan sakin layi biyar. Abin da ya fi damuna ma shi ne irin wannan kwafen yana shigo mana cikin kundayen ɗalibai, sai ka ga babi guda an ɗebo shi daga rubutun wani ba a ambace shi ba.

'Yar Funtuwa:
Malam, to idan kuka kama irin wannan, kuna sanar da mai rubutun na asali, ko kuwa a ofis maganar take mutuwa? Domin ni na tura wa gidan rediyon nan takarda har da ranar da na fara fitar da nawa, kuma ba su ba ni amsa ba.