Gurbi 10 ga Afirka, amma babu Golden Eaglets: tsarin CAF ne ya cuce mu?

Tsohon Koci: Assalamu alaikum. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. FIFA ta faɗaɗa gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 zuwa ƙasashe 48, Afirka ta samu gurbi 10, amma aka buga ta a Ƙatar a 2025 babu Golden Eaglets ta Najeriya, mai kofi biyar. Ni na ce tsarin shiyya-shiyya na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, ne ya cuce mu. An cusa mu a WAFU B, ɗaya daga shiyyoyi biyu na Afirka ta Yamma, tare da Ghana, Kwaddibuwa, Burkina Faso, Nijar, Benin da Togo, aka ce biyu kaɗai za su wuce gasar Afirka, inda ake fitar da masu zuwa ta duniya.

Ɗan Maraɗi: Wa alaikumus salam, Baba Koci. Ka yi haƙuri, ban yarda ba. A 2016 babu wannan tsari, gida da waje ake yi, kuma mu Nijar muka fitar da ku. Kuka ci 1-0 a Abuja, muka rama 3-1 a Yamai, muka wuce har gasar duniya a Indiya a 2017.

Tsohon Koci: Ɗana, ka san abin da ya faru a lokacin. Ana gab da wasa gwajin tantance shekaru na MRI ya zubar mana da yara 26.

Malamar Firamare: To ai nan gizo ke saƙar, Baba! Wa ya tara yaran? Tun 2009 FIFA ke duba ƙashin wuyan hannu; in ya gama haɗewa, an ɗauka yaro ya haura 17. Ni da ke cike rajistar ɗalibai na san yadda uba zai zo da takardar haihuwa, baɗi ya dawo da wata. Tun daga nan ɓarnar take farawa.

Mai Gidan Kallo: Malama, gwajin nan ma ba ya rasa kuskure, wani yaron ƙashinsa na saurin ƙosawa. Ni ina bayan Koci. Ghana na da kofi biyu, 1991 da 1995, mu biyar. Kofi bakwai a shiyya ɗaya! A 2024 muka zo na uku a gasar shiyya a Accra: Kwaddibuwa ta cire mu a wasan kusa da ƙarshe, muka doke Ghana a wasan neman na uku, duk mu biyun muka zauna gida, Uganda kuwa ta je Ƙatar.

Ɗan Maraɗi: Yaya, Uganda gumi ta yi, ba kyauta aka ba ta ba. Kuma a 2023 kun tsallake shiyyar, kuka je gasar Afirka a Aljeriya, Burkina Faso ta cire ku 2-1 a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. Nan ma CAF ce?

Tsohon Koci: Wannan kam na karɓa, Burkina ta fi mu ranar. Amma ban janye ba. Ƙungiyar Manu Garba ta 2013 ta daɗe tare kafin Iheanacho da Musa Muhammed su ɗaga kofi, Osimhen ya zura 10 a Chile a 2015. Yara irin waɗannan suna nan a filayen unguwanni. Wasa ɗaya da Kwaddibuwa bai kamata ya rufe musu ƙofa ba. A ba WAFU B gurbi uku.

Malamar Firamare: A ba ta, Baba, ban ƙi ba. Amma yanzu gasar duk shekara ce, Ƙatar za ta riƙe ta har 2029. Yaran da za su buga baɗi suna sakandare yau. Wa ke da sunayensu?