Masu buga Scrabble ya kuke haddace kalmomi ne?

Dan_Fagge:
Salam yan uwa, don Allah ya kuke haddace kalmomin nan, kullum sai an lallasa ni kuma fa turancina ba laifi wallahi

Baban_Sadiq:
Ƙanina ai ba turanci ba ne matsalar, a wasan nan ba ruwanka da ma'ana. Fara da masu harafi biyu, QI, ZA, JO, XU, su ne ke fitar da kai in harafi mai maki da yawa ya maƙale maka, Q da Z maki 10 kowanne, J da X kuma 8. Sai ka hau masu uku, daga nan ka tsallaka masu bakwai amma ka tara su bisa haruffan da suka haɗa, misali AEINRST kaɗai zai ba ka RETAINS, NASTIER, RETINAS da STAINER, in ka zubar da haruffa bakwai ɗin da ke hannunka gaba ɗaya ƙarin maki 50 ne fa.

Ummu_Khalil:
Gaskiya ne yaya. Wellington Jighere ɗan Najeriya ne ya ci kofin duniya a Ostiraliya a 2015, kuma yan wasanmu da gajerun kalmomi aka san su, kar ka raina su.

Dan_Fagge:
XU kuma?? wannan ma kalma ce

Baban_Sadiq:
Kuɗin Biyetnam ne, tana cikin ƙamus ɗin Collins da ake amfani da shi a wasan, buga abinka kawai